Sed: Manhajar da ke gyara fayil ba tare da an buɗe shi ba

Sed ƙaramar manhaja ce da ake gyara wani sashe na fayil ɗin rubutu da ita daga layin umarni, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai-tsaye. Lee McMahon ne ya ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka tsakanin 1973 da 1974, bisa tushen tsohuwar manhajar ed. A yau tana zuwa tare da Linux da macOS.

Yadda take aiki

Sed tana karanta fayil layi bayan layi, ta aiwatar da umarnin da aka ba ta, sannan ta nuna sakamakon a kan allo. Ainihin fayil ɗin kuwa yana nan yadda yake.

Aikin da aka fi sanin ta da shi shi ne musanya. Mai tsohon rubutun Hausa da aka buga k' a madadin ƙ zai iya rubuta:

sed "s/k'/ƙ/g" labari.txt

Harafin s yana nufin musanya, g kuma yana nufin a musanya duk inda aka samu a layin, ba wurin farko kaɗai ba. Ana iya taƙaita aikin ga wani sashe: sed '10,20d' labari.txt zai cire layi na 10 zuwa na 20, ya bar saura.

Inda haɗarin yake

Sed haruffa take gani, ba ma'ana ba. Idan aka umarce ta da ta mayar da "kasa" zuwa "ƙasa", za ta bi har kan "kasada" da "kasala" ta lalata su, haka ma "kasa" mai nufin gazawa.

Muddin sakamakon yana kan allo, kuskuren bai yi ɓarna ba. Amma da zarar an ƙara -i, gyaran zai hau kan ainihin fayil ɗin, kuma sed ba ta da umarnin komawa baya. Umarni guda na iya taɓa ɗaruruwan fayiloli cikin daƙiƙu.

Saboda haka ƙa'idar masu aikin ita ce a fara gwadawa ba tare da -i ba, a duba sakamakon da kyau. Idan ya gamsar, sai a yi amfani da -i.bak, wanda ke ajiye kwafin asali kafin ya taɓa komai.