Tiyatar rage ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitoci ke yi wa tumbi, wani lokaci har da ƙaramin hanji, ga mai ƙibar da ta gagari sauyin abinci da motsa jiki, musamman in akwai ciwon suga ko hawan jini.

Wadda aka fi yi a duniya yanzu ita ce yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ba a maido abin da aka cire, kuma tana iya tsananta ƙwannafi. Shi ya sa likitoci kan zaɓa wa mai ƙwannafi tiyatar kewaye tumbi, wadda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966. A nan ana ware ɗan aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji, loma kaɗan ta ƙosar da mutum. Sai dai zai sha magungunan ƙarin jini da bitamin B12 tsawon rayuwa.

Ɗaure bakin tumbi da zobe ya ja baya, domin sau da yawa sai an sake aiki an cire shi.