Tsafta a zango: Yadda ake wanka da ruwa kaɗan a kwarin Rima

Tun daga shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu domin ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, bikin kamun kifi na garin yake tara dubban jama'a a bakin kogin Matan Fada.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, kuma a watan Maris na 2020 aka sake gudanar da shi bayan ya yi kusan shekaru goma ba a yi ba.

Sai dai masaukan Argungu da na Birnin Kebbi ba sa ɗaukar kowa. Masunta da 'yan kasuwa da dama kan kafa rumfuna ne su kwana a fili.

Irin wannan zama na wucin gadi ba baƙon abu ba ne a kwarin Rima. Manoman shinkafa kan tare a bukkoki cikin fadama, makiyaya na yada zango a gefen gulbi, sannan ambaliyar ruwa ta 2010 da ta 2020 ta tilasta wa dubban iyalai a jihar Kebbi zaman sansani.

Matsalar dukkansu ɗaya ce: wurin zama ƙanƙane, ruwa mai tsabta kuma ƙalilan.

Ruwa nawa ake bukata?

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su, sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a rana domin sha da girki da tsaftar jiki. Ke nan jarka mai cin lita 25 ba za ta kai mutum biyu kwana guda ba.

Amma wanka shi kansa ba ya cin ruwa kamar yadda ake zato. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana kuma wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar.

Mudun Annabi bai kai lita guda ba, sa'i kuwa mudu huɗu ne, wato wajen lita uku. Ma'ana dai buta biyu na iya wadatar da baligi idan ya san yadda zai sarrafa su.

Yadda ake yi

Hanyar da ta fi tattalin ruwa ita ce a raba wankan gida uku. Da farko a jiƙa jiki da ruwa kaɗan, sannan a ajiye butar a cuɗa da soso da sabulu ɗan kaɗan, a ƙarshe a ɗauraye daga kai zuwa ƙafa, ta yadda ruwan da ya wanke sama zai wanke ƙasa.

Yawan kumfa shi ne ke cinye ruwa. Buta kuma ta fi bokiti da moɗa, domin bakinta siriri ne.

Idan ruwan bai kai haka ba, a jiƙa tsumma mai tsabta a goge fuska da hammata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, inda gumi ke taruwa yana haddasa ƙaiƙayi. Sai dai wannan tsaftar jiki ce kawai, ba ta wadatarwa a matsayin wankan janaba, wanda a mazhabar Malikiyya sai ruwa ya game jiki tare da cuɗawa.

Wajen suturta kai kuwa, zana ɗaya da sanduna huɗu sun isa a yi makewayi. A haƙa ɗan rami a cika shi da tsakuwa domin ruwan wanka ya nutse, kada ya kwanta sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Ruwan gulbi da hatsarinsa

A fiƙihun Malikiyya, ruwan da laka ko ƙasar mazauninsa ta sauya wa launi yana nan da tsarkinsa. Amma halaccin tsarki daban, lafiyar jiki daban.

Babban hatsarin shi ne tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayoyinta na fitowa daga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke rayuwa a ruwa mai kwanciya, suna kuma ratsa fatar mutum ko da bai sha ruwan ba.

Ƙwayoyin ba sa daɗewa a raye idan ba su samu jikin mutum ba. Saboda haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, ko aka tafasa shi, ana iya wanka da shi. Wanda ya shiga gulbi daga baya ya ga jini a fitsarinsa, ya je asibiti. Maganin Praziquantel na kashe tsutsar.

Hatsari na biyu shi ne kwalara. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa.

Alif ko garin 'ya'yan zogale na kwantar da laka, amma ba sa kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Ruwan sha sai an tafasa shi ko an sa masa sinadarin kulorin. Ana kuma iya zuba ruwa garai-garai a gorar roba mai haske a shanya ta cikin rana mai ƙarfi na sa'o'i shida.

Ko tacewa da zane na da amfani. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa a ƙauyukan Bangladesh, tace ruwa da zanen mata da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi.

Bayan gida da wankin hannu

Ƙa'idojin agaji sun ce masai ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya ko wani tushen ruwa, kuma kada masu amfani da guda ɗaya su wuce mutum 20. Inda babu masai, a haƙa rami a binne.

Wannan ya yi daidai da hadisan da suka hana biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, da kuma yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Ta fitsarin mai tsargiya ne ƙwan cutar ke komawa cikin ruwa.

Idan ruwa ya yi ƙaranci, wankin hannu ya fi wanka muhimmanci: bayan tsarki, da kafin girki, da kafin cin abinci. Inda babu sabulu, toka na maye gurbinsa.

Idan ruwan ya ƙare

Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta halatta taimama ga wanda bai samu ruwa ba, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayaninta.

Malamai sun bayyana cewa wanda yake da ruwa kaɗan, yana kuma tsoron ƙishirwa mai cutarwa ga kansa ko abokan tafiyarsa ko dabbobinsa, to ya ajiye ruwan domin sha, ya yi taimama.