Asalin Kalma: Hidima

Daga Larabci kalmar ta shigo mana. Larabawa na cewa khidma, wato yi wa wani aiki, Bahaushe kuma ya sassauta "kh" ta koma "h", kamar yadda ya yi wa alheri da Alhamis. Daga tushen nan ne muka samu hadimi, mai yi wa malami ko sarki aiki. Waswahili ma sun ara, suna cewa huduma.

Da ta zauna a bakin Hausawa sai ta yi faɗi. A Katuru ko kasuwar Shinkafi, wanda ya ce maka "yaya hidima?" yana tambayar ɗawainiyar gida ce gaba ɗaya: cefane, biki, jinyar mara lafiya.

Kiristoci masu jin Hausa, waɗanda suka samu cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen a 1932, sun ɗora mata nauyi na musamman. A wurinsu, babba shi ne hadimi, domin Yesu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda Yohanna sura 13 ta nuna. Shi ya sa wa'azin fasto hidima ne, haka ma tuwon da matan zumunta ke kai wa gidan makoki, da zaman sasanta maƙwabta biyu da suka daina gaisawa.

A ganina wannan na ƙarshe ya fi wuya, kuma shi yankin Shinkafi da Zurmi ya fi buƙata, bayan shekarun da 'yan bindiga suka raba mutane da ƙauyukansu. Mai karatu, in maƙwabcinka ya sauke 'yan gudun hijira, ka kai masa ko da kwanon gero ne, Musulmi ne shi ko Kirista.