Fari da Baƙi a Ma'aunin Kyau: Abin da Tarihin Musulmi Ya Ajiye Mana

  

Jama'a, akwai maganganun da muke yi a zangonninmu muna dariya, alhali suna cin wasu a zuci. A ce farar mace alkyabbar mata. A ce in dai fara ce, ko mayya ce a kawo. A haifi jaririya, kafin a tambayi lafiyar mai jego sai a leƙa kunnenta a ga ko za ta rine. In ka yi magana a ce ai so ne, kowa da abin da ransa ke so. To, gaskiya ne so ba a tilasta shi. Amma ido ma koya masa ake yi, kuma tarihi ya nuna mana su wa suka koya masa.

Mu fara da harshen Larabci, tunda shi muke karantarwa. Larabawan farko in suna son su ce mutane baki ɗaya, sai su haɗa kalma biyu: al-aswad da al-ahmar, wato baƙi da ja. Malaman lugga da yawa sun fassara baƙin da Larabawa su kansu, domin duhu ya fi yawa a fatarsu, jan kuwa Farisawa da Rumawa. Har laƙabin al-hamra'u suke yi wa bayin da aka 'yanta daga cikin Ajamawa, kuma ba don yabo ba. Shuɗin ido da jan gashin baki a wurinsu alamar abokin gaba ce, don kamannin Rumawa ke nan. Akwai wani mawaƙi Bahashime, Fadlu ɗan Abbas, daga zuriyar Abu Lahabi, wanda ake yi wa laƙabi da al-Akhdar saboda duhun fatarsa, kuma ya yi alfahari da shi a matsayin shaidar cewa shi Balarabe ne tsantsa. Duhun leɓe da na dasashi, wanda suke kira al-lama, yana cikin abin da mawaƙansu suka fi yabo a jikin mace.

Duk da haka mawaƙan jahiliyya sun yabi mace mai haske, mai fari da ɗan rawaya. Ku lura da wace ce ita a cikin waƙoƙin: 'yar gata ce da ke cikin tanti, ba ta kiwo, ba ta ɗebo ruwa, rana ba ta dukanta. Haskenta shaidar dukiyar ubanta ne. Tun daga nan za ka ga launi da matsayi sun fara tafiya tare.

Sai labarin Antara ɗan Shaddad, wanda ɗalibanmu ke karanta waƙoƙinsa cikin mawaƙan jahiliyya shida. Ubansa Balarabe ne daga Banu Abs, uwarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya. Shi da Khufaf ɗan Nadba da Sulaik ɗan Sulaka, Larabawa sun kira su hankakinsu, saboda sun ɗauko launin iyayensu mata. Uban Antara bai amsa shi ɗa ba sai da aka kawo wa ƙabila hari aka buƙaci takobinsa. Ya so 'yar baffansa Abla, aka yi ta ja masa rai. Abin da ake goranta masa launi ne, amma tushen gorin bauta ce: ɗan baiwa ne. Da yake bayin da Larabawa suka fi sani a lokacin akwai Habashawa da yawa, sai launin ya zama tambarin bautar.

Musulunci ya zo ya tarar da wannan. Alƙur'ani a Suratur Rum aya ta 22 ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Suratul Hujurat aya ta 13 ta mayar da fifiko ga taƙawa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙar da aka ɗebo daga dukkan ƙasa, shi ya sa 'ya'yansa suka zo da launin ƙasa iri iri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya ga faɗa ba, ya aikata, kuma a wajen aure, inda abin ya fi ciwo.

Usama ɗan Zaidu baƙi ne ƙwarai, ɗan Ummu Aiman Bahabashiya, mahaifinsa Zaidu kuwa mai haske. Mutane suka riƙa tsegumi a kan nasabarsa. Bukhari da Muslim sun kawo cewa wani masanin kamanni, Mujazziz al-Mudliji, ya ga ƙafafunsu su biyu suna lulluɓe, ya tabbatar ɗa da uba ne, Annabi ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa cike da murna. Da Fatima 'yar Ƙais, Baƙuraishiya, ta zo neman shawara tsakanin Mu'awiya da Abu Jahm, sai ya nuna mata Usama. Da farko ranta bai so ba. Ta yi biyayya ta aure shi, daga baya ita da bakinta ta ba da labarin alherin da ta samu, kamar yadda yake a Sahihu Muslim. Malaman tarihin sahabbai sun ambaci cewa Bilal ya auri Hala 'yar Auf, 'yar'uwar Abdurrahman ɗan Auf. Wani mutum daga Banu Fazara ya zo yana zargin matarsa don ta haifi baƙin yaro, Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa yadda gado ke tsallako kakanni, ya hana shi kore ɗansa. Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi ya gaya masa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Wasu masu sharhi sun ce Bilal ne aka yi wa gorin.

Wannan tarbiyya ta yi 'ya'ya. Ata'u ɗan Abi Rabah, baƙin mutum, bawan da aka 'yanta, shi ne mai fatawar Makka a zamanin tabi'ai. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya halatta wa wanda aka 'yanta ya auri Balarabiya, ya kafa hujja da ayar Hujurat.

To, me ya faru bayan nan? Daula ta faɗaɗa, dukiya ta yawaita, kasuwar bayi ta bunƙasa a Bagadaza da Basra. Bayi na zuwa daga ko'ina, amma ba aiki ɗaya ake ba su ba. Turkawa aka sa su soja, suka zama kwamandoji. Kuyangi daga Rum da wasu ƙasashe suka shiga fada, wasu suka haifi halifofi. Dubban mutanen Zanj kuwa, daga gabashin Afirka, aka tura su kankare gishiri a fadamun Basra cikin wahala mai tsanani, har suka yi tawayen da ya ɗauki shekara 14, daga 869 zuwa 883 miladiyya. Wanda ido ya saba gani a ƙasƙantaccen aiki, sai zuciya ta fara ganin muninsa. A ƙarni na 11 wani likita Kirista na Bagadaza, Ibn Butlan, ya rubuta risala ta jagorar mai sayen bayi, ya bi ƙabilu ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wace mace ta dace da me, ya kushe matan Zanj. Ka ga inda ma'aunin ya koma: hannun dillali.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Mutanabbi da Kafur. Abul Misk Kafur baƙin bawa ne da ya kai ga riƙe mulkin Masar, ya rasu a 968. Mutanabbi ya je wurinsa a 957 yana fatan a ba shi gwamnan wani yanki. A waƙoƙin yabo ya kamanta shi da baƙin ƙwayar ido, wanda shi ne mafi daraja a ido. Da bai samu abin da yake so ba, ya sulale daga Masar a jajibirin babbar salla ta shekarar 350 hijiriyya, ya bar waƙar zambo da ta zagi launin Kafur da leɓensa da bautarsa. Fatar Kafur ba ta canza ba tsakanin waƙar farko da ta ƙarshe. Buƙatar mawaƙin ce ta canza. Abin takaici, zambon ne yara suka fi haddacewa a makarantu har yau.

Malamai ba su yi shiru ba. Jahiz na Basra, wanda ya rasu a 255 hijiriyya, ya rubuta Fakhrus Sudan alal Bidan, inda ya sa baƙaƙe suna kawo hujjojinsu: almiski baƙi ne, Hajarul Aswad baƙi ne, launi kuma daga yanayin ƙasa yake. Cikin hujjojin akwai wadda ke da zafi, cewa a jahiliyya an ba su aure, sai bayan zuwan adalcin Musulunci aka fara ƙyamarsu. Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a 597 hijiriyya, ya rubuta Tanwirul Ghabash domin ya ga wasu mutanen kirki daga Habashawa suna baƙin ciki da launinsu. Ku duba: shekara fiye da 800 ke nan, ciwon da ke sa 'ya'yanmu shafa mai yau ya riga ya kai ga malami ya ɗauki alƙalami. A cikin littafin ya ce labarin da ake yaɗawa, wai Annabi Nuhu ya la'anci ɗansa Ham sai zuriyarsa ta yi baƙi, bai inganta ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, shi ma ya yi watsi da labarin a Muƙaddima, ya danganta launi da zafin ƙasa, ko da yake shi kansa ya faɗi maganganu marasa daɗi kan baƙaƙen da ke can kudu, abin da ke nuna cewa babban malami ma iskar zamaninsa na iya kaɗa shi. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta Raf'u Sha'nil Hubshan, sannan ya tara a Nuzhatul Umr waƙoƙin da aka yi na fifita farare da na fifita baƙaƙe da na fifita masu wankan tarwaɗa. Mai karanta shi zai ga kowane launi ya samu masoyansa.

A yankinmu, Ahmad Baba na Tumbutu, wanda sojojin Maroko suka kai shi Marrakesh a ɗaure bayan mamayar 1591, ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat a littafinsa Mi'irajus Su'ud a 1615. Ya tabbatar launi ba dalilin bauta ba ne, ya ƙi labarin Ham, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai a matsayin Musulmi 'yantattu da bai halatta a mallake su ba. Tambayar da aka yi masa ma ta isa shaida cewa a kasuwannin arewacin Sahara an riga an ɗauki baƙar fata alamar bawa.

Da Turawa suka zo, sai suka sa wa abin rigar kimiyya. A 1795 wani malamin Jamus, Blumenbach, ya raɗa wa fararen fata sunan mutanen Kaukas, dalilinsa kuwa wai mutanen Jojiya da ke wannan yanki sun fi kowa kyau. Yankin nan shi ne inda fadar Usmaniyya ta daɗe tana samo kuyanginta masu tsada. Sai mulkin mallaka ya biyo baya, mai mulki fari, wanda ake mulka baƙi. Bayansa tallace-tallace da finafinan Indiya suka ɗora, yanzu kuma ga waya a hannun kowace yarinya, da manhajar da ke haska fuska kafin a tura hoto.

Sakamakon yana jikin 'ya'yanmu. Man bilicin da yawa na ɗauke da sinadarin hydroquinone, ko zaiba, ko magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Zaiba na lalata ƙoda. Wasu mayukan na sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Ƙasar Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta sanar da nata haramcin a 2016, amma ku shiga kasuwa ku gani. Doka ba ta hana abin da zuciya ke nema. Muna hawa mumbari muna yi wa mata faɗa kan cutar da kai da canza halitta, kuma faɗan yana kan hanya. Sai dai yarinyar nan ba ta sayi man don ƙin lafiyarta ba. Ta ji abin da samari ke faɗa a majalisa, ta ji gwaggo na yaba ƙanwarta mai haske ita an tsallake ta, ta ga wadda aka fara nema. Maza da iyaye suna da kaso babba a wannan alhaki.

Shari'a ba ta hana mutum son abin da ya kwanta masa ba, har ma ta umarci mai neman aure ya dubi wadda zai aura. Abin da ta hana shi ne raini, da gori, da laƙabin banza, da hana mai addini da hali aure don launinsa ko asalinsa. Ɗalibai, in kun karanta zambon Mutanabbi, ku karanta yabon da ya gabace shi, ku san dalilin kowanne. Iyaye mata, ku kula da abin da kuke faɗa a ɗakin mai jego, don 'yan mata na saurare. Waliyyai, in wanda aka yarda da addininsa ya zo, ku tuna wa Annabi ya zaɓa wa Fatima 'yar Ƙais.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga ragowar jahiliyya, ya ba 'ya'yanmu abokan zama na gari, ya sa mu gode masa a kan surar da ya zaɓa mana. Amin.