Jan Ƙarfe a Tarihin Karkarar Arewacin Kano

Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda jan ƙarfe ya samu daraja a garuruwan noma irin su Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa, alhali kuwa ba a haƙo shi a ƙasarsu. Amsar tana cikin halin ƙarfen kansa da kuma hanyoyin fatauci.

Jan ƙarfe yana narkewa a zafin digiri 1,085, yana da laushi, ana iya buga shi ya zama faranti ko a ja shi ya zama waya. Ba ya yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya yi kore a bayansa. Laushin nan ya hana shi zama fartanya ko garma, rashin tsatsar kuwa ya sa ya zama abin ajiya. Saboda haka sana'ar ƙira ta rabu biyu. Maƙeran baƙi su ne na manomi. Maƙeran fari kuwa sukan sarrafa jan ƙarfe da tagulla su ƙera munduwa da awarwaro da zobe domin mata, da kayan doki da kakaki domin sarauta.

To, daga ina yake zuwa? A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, yamma da Agadas, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana yin 'yan sanduna da shi. Ya ce ana sayar da masu kauri 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuma 600 ko 700. Da su ake sayen nama da itace da gero, ana kuma kai su Gobir da Barno. Tonon da aka yi a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina cikin 1992 ya fito da kayan ado na tagulla, shaidar cewa ƙarfen ya iso gidajen sarautar ƙasar Hausa tun da daɗewa. A 1851 Heinrich Barth ya tarar ana kawo shi kasuwar Kano daga Tarabulus da kuma ma'adinan kudancin Darfur.

Ashe ke nan munduwar da matar manomi ta gada ta ratso Sahara kafin ta iso ɗakinta. Ado ce ranar biki, jari ce kuma ranar da rumbu ya ƙare. Hatta kalmar kwabo daga sunan wannan ƙarfe a Turanci aka samo ta.

A ƙarshe, ina jawo hankalin malamai cewa tsofaffin kayan nan suna ƙarewa a hannun masu saye a kan sikeli domin narkawa. Ya kamata ɗalibanmu su shiga ƙauyuka su rubuta sunayensu da siffofinsu, su kuma ji ta bakin maƙeran fari, tun da sauran masu ba da labarin.