Shin A Shafa Giris A Ƙusoshin Tayar Mota?

Direbobi da masu amalanke na Bazaga da ƙauyukan kewayen Birnin Ƙonni sukan yi wannan tambaya. Dalilinsu a fili yake. Wanda tayarsa ta yi faci a kan hanya, ya tarar noti ya ƙafe da tsatsa, ya yi ta fama da shi cikin rana, zai so ya shafa masa giris ko baƙin mai domin gobe. Amsa a taƙaice ita ce: a ƙananan motoci ba a shafa komai a ƙusa da noti, sai in littafin motar ya ce a shafa. A bar su a bushe, cikin tsabta.

Yadda noti yake riƙe taya

Ƙusoshin taya su ne ƙarafan nan masu zare da suka fito daga cibiya, inda ake saka ƙarfen taya a ɗaure da noti. Idan aka ɗaure noti, ƙusar takan miƙe kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Wannan miƙewar ce take matse taya a jikin cibiya. Idan aka kwance, ƙusar ta koma yadda take. Amma idan aka ja ta fiye da ƙima, ba ta komawa. Ta yi rauni ke nan, kamar igiyar guga da ta fara tsinkewa daga ciki.

Masana ƙarfe sun auna cewa wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake sa wa sifana yana ƙarewa ne a gugar ƙarfe da ƙarfe. Kimanin kashi 10 ne kawai yake jan ƙusa. Kamfanin da ya ƙera motar ya yi lissafinsa a kan busasshen zare. To, da zarar an shafa giris, guga ta ragu, noti yana juyawa da santsi, ƙarfin da ya kamata ya ƙare a guga sai ya koma kan ƙusa. Mai ɗauri yana jin kamar bai matsa ba, alhali ya wuce iyaka. Daga nan zare ya cinye, ko ramin ƙarfen taya ya buɗe, ko ƙusa ta karye ana cikin gudu.

Ana auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin da ake rubutawa Nm. Yawancin ƙananan motoci suna bukatar tsakanin Nm 90 da 140. Ga misalin da zai sa a gane: nauyin kilo 10 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ba da kusan Nm 100. Saboda haka yaron mota mai nauyin kilo 70, idan ya zura bututu mai mita 1 a sifana ya hau kansa da ƙafa, ya sa wa noti kusan Nm 700. Wannan al'ada ta yi yawa a tashoshinmu, kuma idan ta haɗu da giris ɓarnar ta fi tsanani.

Akwai kuma batun ƙasarmu. Giris yana kama rairayi da ƙurar hunturu, su zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin zare. Idan ya yi zafi ya narke, yana iya kaiwa ga birki, birki kuwa ba ya kamawa da maiƙo.

Manyan motoci

Motocin da suke ɗaukar albasar Galmi da simintin Malbaza a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, hukuncinsu ya ɗan bambanta. Da yawa daga cikinsu suna da noti mai faifai a gindinsa, wanda yake juyawa daban. Ga irin wannan, masu ƙerawa sukan ce a ɗiga man inji ɗigo 2 ko 3 a bakin zaren ƙusa, da kuma tsakanin noti da faifansa. Ɗigo aka ce, ba cin hannu na giris ba, kuma ba a bari ya taɓa fuskar da take manne da taya. Ɗaurinsu yakan kai Nm 600 ko fiye. A lura kuma, wasu motocin kaya na Japan suna da zaren hagu a tayoyin gefen hagu, da harafin L a kan ƙusa ko noti. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi.

Cibiyar taya

Nan ne ake yawan ruɗewa, domin wurare uku ne. Fuskar cibiya mai faɗi, wadda taya take kwanciya a kanta, a goge ta da buroshin waya a bar ta a bushe. Wuyan da ke tsakiya, wanda yake shiga ramin taya, ana iya shafa masa giris kaɗan ƙwarai, don kada tsatsar damina ta manne su. Shi kuwa boris da ke cikin cibiya, giris ne abincinsa. Idan ya bushe zai yi zafi, ya yi ƙara, ya lalace. Masu amalanken jaki da na shanu da suke aiki da tsofaffin tayoyin mota su fi kula da wannan, musamman bayan sun ratsa ruwa da damina.

Idan noti ya ƙafe, babu laifi a zuba masa man kwance tsatsa a jira. Bayan ya kwance, a wanke zaren, a goge, a bari ya bushe kafin a mayar. A fara ɗaura kowane noti da hannu. Wanda ya ƙi shiga da hannu, zarensa ya lalace, a canza shi. A ɗaure su a gicciye, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba. A ƙarasa ɗauri bayan an sauke mota daga kan jak. Idan garejin yana da sifana mai ma'auni, a roƙi makanike ya yi aiki da ita. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake duba kowane noti. Jan layin tsatsa da ya fito daga gindin noti alama ce ta cewa ya fara sakewa.