Tarihin Jifan Kyauta da Gasannin Atisayensa a Ƙwallon Kwando

Lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891 a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke Springfield, a jihar Massachusetts ta Amurka, dokoki 13 da ya shimfiɗa ba su tanadi jifan kyauta ba, wato damar da ake ba ɗan wasa ya tsaya a kan layi ya jefa ƙwallo cikin kwando babu mai tare shi. A wancan zamani, idan ƙungiya ta yi laifi sau uku a jere, sai a rubuta wa abokiyar karawarta ci ɗaya. A 1894 aka shigo da jifan, bayan shekara guda aka matso da layinsa zuwa ƙafa 15, tazarar da ake bi har yau, sannan a 1896 aka tsayar da maki ɗaya ga jifan kyauta, maki biyu ga cin da aka yi ana tsakar wasa.

Sauyin da ya fi tasiri a kan atisaye ya zo ne wajen 1924. Kafin nan, kowace ƙungiya tana da gwani guda da take turawa layi duk sa'ad da aka yi wa ɗayansu laifi, saboda haka sauran ba su da dalilin wahalar da kansu wajen koyo. Da doka ta wajabta wa wanda aka yi wa laifin ya yi jifan da hannunsa, sai aikin ya hau wuyan kowa, masu horarwa kuma suka tarar da matsala: ɗan wasan da ke cin jifa bayan jifa a filin atisaye, cikin natsuwa, yakan ɓarar a ranar gasa, lokacin da numfashinsa ya hau, ƙafafunsa suka gaji, 'yan kallo kuma suna ihu a bayan allon kwando.

Daga wannan giɓi ne al'adar mayar da atisaye gasa ta samo asali, domin a ɗora wa kowane jifa sakamako. Akan raba 'yan wasa gida biyu, wanda ya riga kai adadin da aka yanka ya huta, wanda aka kayar ya yi gudun sassarfa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Akwai kuma salon da ake zaɓen mutum ɗaya a ƙarshen atisaye, bayan kowa ya jigata, idan ya ɓarar dukan ƙungiya ta yi gudu, ta yadda zai ji nauyin idanun abokansa. Wasu suna kwaikwayon dokar wasannin jami'o'in Amurka na maza, inda a wasu lokuta ba a samun jifa na biyu sai an ci na farko. Yara kuwa sun fi son Knockout, wasan da ake jeruwa a layi da ƙwallaye biyu, duk wanda na bayansa ya riga shi ci ya fita.

Al'adar ta tsallaka katangar makarantu ta zama gasar jama'a. A 1946 Frank Hise ya fara gasar jifan kyauta ta yara a Corvallis, jihar Oregon, ƙarƙashin ƙungiyar Elks, gasar kuma ta game Amurka a 1972, ana ba masu shekara 8 zuwa 13 jifa 25 kowannensu. A wajen wannan gasa kuma, Tom Amberry, likitan ƙafa mai shekara 71, ya ci jifa 2,750 a jere a 1993, Ted St. Martin kuma ya ci 5,221 a 1996, alhali matsakaicin abin da 'yan gasar NBA ke ci ya daɗe yana kewaya kashi 75 cikin ɗari. Ratar da ke tsakanin alƙaluman nan tana nuna cewa iyawar hannu ɗaya ce daga cikin sharuɗɗa, gajiya da fargaba su ne sauran.

Manyan wasanni sun gaskata haka. A wasan farko na ƙarshen gasar NBA ta 1995, Nick Anderson na ƙungiyar Orlando ya ɓarar da jifa huɗu a jere ana dab da tashi, abokiyar karawarta Houston ta farke, ɗan wasanta Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ya ci ƙwallon nasara a ƙarin lokaci. Shaquille O'Neal, wanda ya ci kashi 52.7 cikin ɗari kacal na jifansa na kyauta a tsawon wasansa, ya zama abin hari, abokan hamayya suna yi masa laifi da gangan domin su tura shi layi. Shi ya sa masu horarwa da yawa sukan jinkirta jifan kyauta zuwa lokacin da gumi ya karyo, kuma ba sa barin a yi shi ba tare da an ƙirga maki ba.